Majalisi na 17: Malamai Masu Zaman Kansu da Aikin da Haɗin Kansu Ya Yi a Aljeriya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda Ya ɗaukaka ilimi da ma'abotansa, Ya kuma ɗora musu amanar bayyana shi ga mutane. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi hanyarsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

  Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya sa muna cikin bayin da ake ƴantawa a wannan wata.

Zancenmu na daren yau a kan malamai masu zaman kansu ne, da abin da suke iya aikatawa idan suka haɗa kai. Malami mai zaman kansa kowa ya san shi a unguwarsa. Shi ne wanda sunansa ba ya cikin jerin ma'aikatan gwamnati, ba ya jiran albashin ƙarshen wata, zauren gidansa ne makarantarsa. Da asuba yana biya wa manya Iziyya da Risala da Askari, da hantsi yara na gabansa da alluna, da la'asar an kira shi rabon gado ko sulhun ma'aurata. Yawancin abin da talakawan ƙasar nan suka sani na alwala da salla da hukuncin azumi daga bakin irin wannan malami suka ji shi. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba saboda kunya: tuwon gidansa daga ina yake fitowa? Wannan tambaya tana da nauyi, domin Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan hatsin malami da maganin iyalinsa suna hannun mutum ɗaya, attajiri ne ko mai mulki, to ranar da mutumin nan ya yi ba daidai ba, harshen malami zai yi nauyi. Idan harshen malami ya yi nauyi, jama'a ce ke asara.

Ba mu ce duk malamin da ya karɓi aikin hukuma ya sayar da addininsa ba. Imamu Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci, ya rayu da cinikin tufafi, amma almajirinsa Abu Yusuf ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid, kuma al'umma ta yaba wa dukansu biyu. Imamu Sahnun, mai Mudawwana, ya karɓi alƙalancin Ƙairawan a ƙarshen rayuwarsa. Abin da muke faɗi shi ne, kowace al'umma tana bukatar wasu malamai da ba a iya rufe musu baki ta hanyar tsayar da albashi, kuma irin waɗannan ba su daɗewa a tsaye idan kowa yana shi kaɗai. Domin mu ga haka a fili, za mu kawo labarin wata ƙungiya ta maƙwabtanmu na arewa, wato Jam'iyyar Malaman Musulmi na Aljeriya.

Aljeriya ba baƙuwa ce ga zaurukanmu ba. Littafin Ahalari da yaranmu ke fara fiƙihu da shi, mawallafinsa Abdurrahman al-Akhdari mutumin yankin Biskara ne. Imamu Sanusi, wanda ake karanta littafinsa na tauhidi, mutumin Tilimsan ne. Daga Tilimsan ɗin nan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya fito, ya bi ta Tuwat, ya shigo Ayar da Takedda, ya isa Kano da Katsina da Gawo a ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Ahmadu Tijjani a garin Ainu Madi aka haife shi. Sannan Turawan da suka mallake su su ne suka mallake mu. Saboda haka labarinsu ya shafe mu ta fuska fiye da ɗaya.

Faransa ta shiga birnin Aljas a 1830. Cikin abubuwan farko da ta sa wa hannu akwai dukiyar waƙafi, wato gidaje da kantuna da gonaki da Musulmi suka tsayar domin masallatai da makarantu. Da wannan dukiya ake ciyar da malami da ɗalibi, da ita ake sayen man fitila da tabarmin masallaci. Da aka mai da ita cikin baitulmalin Nasara, makarantu da yawa suka mutu ba tare da an harba musu bindiga ba. Masallacin Kacawa na Aljas aka ƙwace shi a 1832 aka mai da shi coci, bai koma hannun Musulmi ba sai a 1962. Masallatan da aka bari kuwa, gwamnati ce ke naɗa limamansu da muftinsu, ita ke biyansu, ita ke tsige su. A 1850 ta buɗe madarisa uku na kanta domin ta horar da alƙalai da limaman da za su yi mata aiki. A 1905 Faransa ta yi dokar raba addini da gwamnati a ƙasarta, amma da aka zo kan Musulmin Aljeriya sai aka sami dabarar da masallatai suka ci gaba da zama a hannun hukuma. Ku lura da wannan dabara, ya ku bayin Allah: ba a hana salla ba, an dai riƙe aljihun mai jan salla.

A cikin wannan hali aka haifi Shehu Abdulhamid Ibn Badis a birnin Ƙusanɗina a 1889. Ya yi karatu a garinsu, sannan ya tafi Jami'ar Zaituna ta Tunis a 1908. Malaminsa, Shehu Hamdan al-Wanisi, ya karɓi alkawari daga gare shi cewa ba zai nemi aikin gwamnati da iliminsa ba, kuma ya cika wannan alkawari har ya koma ga Ubangijinsa. A 1913 ya tafi hajji, ya zauna Madina. A can ya tarar da malamin nasa, wanda ya riga ya yi hijira, ya kuma ba shi shawarar ya zauna Hijaz ya manta da ƙasar da kafirai ke mulki. Wani malamin kuma, Shehu Husaini Ahmad na ƙasar Indiya, ya ba shi shawarar ya koma gida ya yi wa mutanensa hidima. Ya ɗauki shawara ta biyu. A Madina ɗin ne ya haɗu da wani saurayi ɗan ƙasarsu, Shehu Bashir al-Ibrahimi. Wata uku suna raba dare suna tattauna ciwon ƙasarsu da maganinsa, kuma Ibrahimi ya ba da shaida daga baya cewa a waɗannan darare aka aza harsashin ƙungiyar.

To, amma ku duba tsawon lokacin da ke tsakanin harsashi da gini. Daga 1913 zuwa 1931 shekara 18 ke nan. A tsawon shekarun nan Ibn Badis bai buga tambarin ƙungiya ba, bai raba muƙamai ba. Ya zauna a Masallacin al-Akhdar na Ƙusanɗina yana karantarwa tun bayan asuba har bayan lisha, yara da rana, manya da dare. Mahaifinsa mai wadata ne, shi ya ɗauke masa nauyin ci da sha, shi ya sa bai miƙa hannu ga kowa ba. Da lokacin kafa ƙungiya ya zo, akwai ɗaruruwan ɗalibai da suka fita daga hannunsa, waɗanda za a iya aikawa gari-gari. Mu kuwa sau da yawa muna fara wa da shugaba da ma'aji da hatimi, sannan mu shiga neman waɗanda za su yi aikin.

A 1930 Faransa ta yi gagarumin biki na cikar shekara 100 da kama Aljeriya. Musulmi suka ga ana murna da ranar baƙin cikinsu a gaban idonsu, abin ya sosa zukata. Ranar 5 ga Mayu 1931, daidai da 17 ga Zulhajji 1349, malamai sama da 70 suka taru a wani zauren taro na birnin Aljas da ake kira Nadit Taraƙƙi, suka kafa ƙungiyar. Suka zaɓi Ibn Badis shugaba alhali ba ya wurin a lokacin zaɓen, Ibrahimi ya zama mataimakinsa, Shehu Mubarak al-Mili ya riƙe kuɗi. Cikin majalisar akwai Shehu Ɗayyib al-Uƙbi, mai wa'azin Aljas, akwai kuma Shehu Ibrahim Bayyud na kwarin Mizab, wanda mazhabarsa Ibadiyya ce ba Malikiyya ba. A taron farko akwai masu da'awar gyara, akwai malaman zawiyoyi, akwai ma wasu masu aikin hukuma. A cikin dokokin da suka rubuta har da sharaɗin cewa ƙungiyar ba za ta tsoma baki cikin siyasa ba. Aikinta karantarwa ne da gyaran hali da yaƙi da giya da caca da jahilci. Takensu ya tsaya a kan addininsu da harshensu na Larabci da ƙasarsu.

Aikinsu mafi girma shi ne makarantu, waɗanda suka sa wa suna makarantu masu ƴanci, domin ko tamma ɗaya ta gwamnati ba ta shiga cikinsu. Ga yadda abin ke tafiya. Mutanen gari, ƴan kasuwa da manoma da masu sana'a, su kafa kwamiti, su tara kuɗi, su sayi fili, su yi gini, su ɗauki nauyin albashin malami. Ita kuma ƙungiya ta aiko da malamin, ta tsara abin da za a karanta aji-aji, ta riƙa aiko mai duba aiki. Ana karanta Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu, ana kuma karanta lissafi da tarihi da labarin ƙasa. Yaron da ke zuwa lakwal ta Faransa ba a kore shi ba, an ware masa lokaci da sassafe ko da maraice. Leburori da ƴan kasuwa da ba su sami karatu da ƙuruciya ba suna zuwa da dare. A makarantar Tarbiyya da Ta'alim ta Ƙusanɗina, Ibn Badis ya sa ƴaƴa mata su yi karatu kyauta, ko iyayensu na da hali ko ba su da shi, domin kada wani uba ya fake da rashin kuɗi. A watan Satumba 1937 aka buɗe Darul Hadis a Tilimsan a ƙarƙashin Ibrahimi. A 1947 aka buɗe Cibiyar Ibn Badis a Ƙusanɗina, wadda aka haɗa karatunta da na Zaituna, domin ɗalibin da ya gama ƙaramar makaranta ya sami inda zai ci gaba. Kafin yaƙin neman ƴanci ya tashi a 1954, makarantun ƙungiyar sun haura 100, ɗalibansu maza da mata dubbai ne masu yawa, an kuma fara aika wasu Masar da Iraƙi da Sham.

Aiki na biyu shi ne wa'azi da tsari. Sun raba ƙasar tsakanin manyansu: Ibn Badis ya riƙe gabas daga Ƙusanɗina, Uƙbi ya riƙe tsakiya daga Aljas, Ibrahimi ya riƙe yamma daga Tilimsan. Suna fita rangadi zuwa ƙananan garuruwa, suna kafa rassa. Idan watan azumi ya kama, ana rarraba malaman makarantu zuwa garuruwa domin su yi darasin dare, kowa ya san inda aka tura shi. Da suka ga samari ba su zuwa masallaci, sai suka buɗe musu zaurukan taro inda ake lacca da hira mai amfani, suka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin ƴan sikawut na Musulmi. Ba su manta da ƴan cirani ba. A 1936 suka aika Shehu Fudail al-Wartilani zuwa Paris, ya buɗe wa leburorin Aljeriya wuraren karatu bayan tashi daga aiki, domin kada mutum ya tafi neman abinci ya dawo ba salla.

Aiki na uku shi ne alƙalami. Tun 1925 Ibn Badis yake buga jarida. Ta farko, al-Muntaƙid, aka rufe ta bayan fitowa 18, ya maye gurbinta da ash-Shihab, wadda ta rayu har 1939. A 1933 ƙungiya ta fito da as-Sunna aka rufe, ta fito da ash-Shari'a aka rufe, ta fito da as-Siraɗ aka rufe. Ba su yi fushi sun bar aikin ba. A watan Disamba 1935 al-Basa'ir ta fito, ita ce ta zama muryarsu. Mubarak al-Mili ya rubuta tarihin Aljeriya da Larabci, haka ma Ahmad Taufiƙ al-Madani, domin yaron da aka gaya wa a lakwal cewa ƙasarsa ba ta da tarihi kafin zuwan Nasara ya sami abin da zai karanta. Kowace shekara kuma suna babban taro, ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Abin da aka tattauna a taronsu na 1935 an buga shi littafi guda, ana karanta shi har yau.

Kada wani ya zaci an yi wannan aiki cikin kwanciyar hankali. Jarrabawa ta farko daga cikin gida ta zo. A zaɓen 1932 saɓani ya tashi tsakanin masu da'awar gyara da malaman zawiyoyi, na biyun suka fita suka kafa tasu ƙungiya da tasu jarida, aka shiga mai da martani da kalmomi masu zafi daga kowane ɓangare. Ba a wannan majalisi za mu yanke hukunci a kan mas'alolin da suka saɓa ba. Abin da adalci ya wajabta mu faɗa shi ne, zawiyoyi ne suka riƙe haddar Alƙur'ani a ƙauyukan Aljeriya shekara da shekaru, kuma Amir Abdulƙadir, wanda ya yaƙi Faransa daga 1832 zuwa 1847, ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. Haka kuma masu gyara sun yi gaskiya da suka ce jahilci da camfi sun yi wa jama'a katutu. Amma da bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Hukumar mallaka ta jawo wasu a jiki, ta matsa wa wasu, ita ce ta ci ribar faɗan.

Sauran jarrabawowin daga waje suka zo, ɗaya na bin ɗaya. A watan Fabrairu 1933 aka fitar da umarni a yankin Aljas cewa ba mai yin wa'azi a masallatan hukuma sai wanda hukuma ta naɗa. Jama'a suka amsa da gina masallatai da kuɗinsu. A 1936 aka kashe muftin Aljas, aka ɗora wa Uƙbi laifin, aka tsare shi, kotu ba ta wanke shi ba sai a 1939. Ranar 8 ga Maris 1938 aka yi dokar hukunta duk wanda ya karantar da Larabci ba da izini ba, iznin kuwa ba a cika ba da shi ba; aka ci malamai tara, aka ɗaure wasu, aka rufe makarantu. A shekarar nan dai, da hadarin yaƙin duniya na biyu ya fara haɗuwa, aka nemi ƙungiya ta aika wa Faransa saƙon mubaya'a. Mafi yawan majalisa suka ƙi, Uƙbi ya ga dacewar a aika, ya ajiye muƙaminsa. Ibrahimi aka kore shi zuwa garin Aflu a 1940. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 16 ga Afrilu 1940, Allah Ya karɓi ran Ibn Badis yana da shekara 50, Allah Ya jiƙansa. Ƴan'uwansa suka zaɓi Ibrahimi shugaba yana can inda aka tsare shi, aikin bai tsaya ba. Bayan kisan gillar Satif da Galma na watan Mayu 1945 aka sake ɗaure shi har 1946. A watan Janairu 1956 ƙungiya ta bayyana goyon bayanta ga masu neman ƴanci, a watan Afrilu 1957 aka ɗauke Shehu al-Arabi at-Tabassi daga gidansa a Aljas, har yau ba a san kabarinsa ba. Aljeriya ta sami ƴanci a 1962, kuma har yanzu ranar 16 ga Afrilu ita ce ranar ilimi a ƙasar.

Hasken wannan aiki ya ƙetaro hamada. Shehu Ture na Senegal ya je karatu Cibiyar Ibn Badis a 1952, ya koma Dakar, shi da abokansa suka kafa Ƙungiyar Al'adun Musulmi a 1953, wadda ta yi rassa a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, tana neman a sakar wa makarantun Larabci mara.

Yanzu sai mu juyo gida. Mu, alhamdu lillahi, ba Nasara ke mulkinmu ba, ba a hana mu buɗe makaranta ba, ga shi ma ta rediyo muke magana. A 1974 aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, bayan Taron Ƙasa na 1991 kuma ƙungiyoyi suka yawaita. Ba ƙarancin ƙungiya ke damunmu ba. Abin tambaya shi ne, malamin zaure na Madarumfa ko Magariya ko Madawa, me ya canza a rayuwarsa da aikinsa? Ga abubuwan da muke ganin malaman kowace jiha za su iya ɗauka daga wancan labari.

Na farko, asusu mai ƙafafu da yawa. Makarantar da mutum 500 ke ba wa jaka guda-guda ta fi ƙarfin wadda mutum ɗaya ke ba wa jaka 500, domin ta farko ba wanda zai rufe ta da fushinsa. Malamai su sami asusun da zai ɗauki wanda ya kwanta ciwo, ya kuma duba marayun wanda ya rasu, domin sau nawa muka ga malami ya karantar shekara 40, ranar da ya faɗi sai an bi gida-gida kafin a sami kuɗin likita. Asusun nan kuwa a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ma'ajin da ya ji haushi don an ce ya kawo lissafi bai fahimci wannan aya ba.

Na biyu, rarraba aiki. A cikin birni za ka sami tafsiri biyar a unguwa ɗaya, lasifika na karo da lasifika, alhali ƙauyen da ke tafiyar sa'a guda ba wanda ke gaya musu abin da ke karya azumi. Da malaman jiha za su zauna tun watan Sha'aban su raba garuruwa, masu hali su ɗauki nauyin mota da abinci, da an rufe wannan giɓi. Haka ƴaƴanmu da ke cirani a Agadas da Arlit da Tamanrasat da Libiya da Legas da Abijan, su wa ke bin sawunsu da karatu?

Na uku, rubutu. Ibn Badis ya kammala tafsirin Alƙur'ani a 1938 bayan shekara 25 yana yi, ya kammala Muwaɗɗa a 1939. Amma abin da ya rage na wannan tafsiri shi ne ɗan abin da ya rubuta da hannunsa a ash-Shihab, wanda aka tattara daga baya; mafi yawansa ya tafi tare da waɗanda suka saurara. Mu nawa ne cikin malamanmu suka rasu da ilimi a ƙirji, littattafansu kuma gara ta cinye a cikin adaka? Yau ga na'urar ɗaukar murya a aljihun kowa. Ƙungiyar malamai ta sa ɗalibai su ɗauki karatun tsofaffi, su rubuta shi da ajami ko da boko, a duba a gyara a buga. Tsofaffin takardun gidajen malamai a ƙidaya su, a ɗauki hotonsu, a adana.

Na huɗu, ƴaƴa mata. Mutumin da ya yafe wa ƴan mata kuɗin makaranta a Ƙusanɗina malamin Malikiyya ne mai karantar da Muwaɗɗa, ba baƙon wani addini ba. Mu ma muna da gadon Nana Asma'u ƴar Shehu da ƴantarunta. Uwa ce makarantar farko, wanda ya bar ta cikin duhu kada ya yi mamakin abin da za ta koya wa ɗansa.

Na biyar, ladabin saɓani. Ba a ce kowa ya bar fahimtarsa ba. An ce akwai ayyukan da ba su bukatar sai mun daidaita a kan ƙabalu da sadalu: kula da almajirai, sulhunta manoma da makiyaya kafin girbi, tantance wanda ya isa ya yi fatawa a rediyo, hana yara shan ƙwaya. Allah Ya umurce mu a Suratul Ma'ida da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, Ya kuma gargaɗe mu a Suratul Anfal cewa jayayya tana kawo rauni da gushewar ƙarfi. Abin da ya faru a 1932 ya isa wa'azi. Lokacin zaɓe kuma, malami yana da ƙuri'arsa kamar kowa, amma mumbari da sunan ƙungiya amana ce ta jama'a duka, ba a jinginar da su.

Ku kuma ƴan'uwa masu saurare, attajirai da masu ƙaramin ƙarfi, maza da mata, kuna da rabo a cikin wannan. Ba malamai ne suka gina makarantun Aljeriya da kuɗinsu ba, masu kanti ne da manoma da leburori. Wannan wata ne na kyauta, wasunku a cikinsa suke fitar da zakka. Ku tuna da malamin da ya koya wa ƴaƴanku Fatiha. Ku ba shi ta hanyar da ba za ta sa ya sunkuyar da kai ba idan ya gan ku, kuma ranar da ya gaya muku gaskiya mai ɗaci kada ku janye hannu, domin saboda wannan ranar ake bukatarsa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya haskaka kaburburansu, Ya saka musu da alheri. Waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya da ikhlasi, Ya wadata su da halal, Ya haɗa zukatansu a kan gaskiya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, da maƙwabtanta, da sauran ƙasashen Musulmi, Ya ba mu damina mai albarka, Ya shiryi shugabanninmu da ƴaƴanmu. Allah Ya nuna mana daren Lailatul Ƙadari, Ya sa mu dace. Gobe in Allah Ya kai mu, a daidai wannan lokaci, za mu shiga hukunce-hukuncen i'itikafi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.